Gidan Tarihin Riga: Yadda Aka Raba Manoma da Gonakinsu

Latbiya ƙaramar ƙasa ce a arewacin Turai, a bakin tekun Baltik. Mutanenta ba su kai miliyan 2 ba. Ta sami mulkin kanta a 1918, aka ƙwace shi a 1940, ta sake samunsa a 1991. A Riga, babban birninta, akwai gidan tarihi da aka kafa a 1993 domin tunawa da shekarun nan na mamaya. Mun zaga shi, muka ga ya kamata mu kawo muku labarinsa, gama ya shafi manoma ƙwarai.

Abin da aka fara nuna mana shi ne yarjejeniyar da Jamus da Tarayyar Sobiyat suka ƙulla ran 23 ga Agusta 1939, inda suka raba ƙasashen maƙwabtansu a asirce. A watan Yuni 1940 sojan Sobiyat suka shiga Latbiya. A 1941 Jamusawa suka kore su, suka kashe Yahudawan ƙasar wajen 70,000. Daga 1944 Sobiyat ta komo, ta zauna har 1991.

Wurin da muka fi daɗewa a tsaye shi ne sashen 1949. Kafin yaƙi, talakawa da yawa sun sami gonar kansu, domin tun 1920 aka rarraba musu manyan gandaye. Sai sababbin masu mulki suka ce kowa ya ba da gonarsa da dokinsa da garmarsa, ya shiga gandun haɗaka da ake kira kolhoz. Yawancin manoma suka ƙi. Aka laƙaba wa masu ɗan hali sunan kulak, aka ɗora musu haraji mai nauyi. Daga nan, ran 25 ga Maris 1949, aka fara bin gidaje ana kwasar mutane. Cikin 'yan kwanaki an ɗura fiye da mutum 42,000 a taragun dabbobi, aka kai su Saibiriya. Yawancinsu mata ne da yara da tsofaffi. Tsoro ya kama waɗanda suka rage, kafin shekarar ta ƙare yawancin gonaki sun shiga kolhoz.

Kayan da aka ajiye ƙanana ne, amma suna taɓa zuciya. Akwai hotunan iyali, da 'yan kayan da mutane suka ƙera da hannu a zaman bauta. Waɗansu da suka rasa takarda a kan ɓawon itace suka rubuta wa danginsu wasiƙa.

Daga ƙarshe muka ga hotunan 23 ga Agusta 1989. A ranar mutane wajen miliyan 2 na Istoniya da Latbiya da Lituwaniya suka riƙe hannun juna, layi ɗaya mai tsawon kilomita fiye da 600. Ba su ɗauki makami ba. Ran 21 ga Agusta 1991 Latbiya ta komo da cikakken 'yancinta. Aka rushe gandayen kolhoz, aka yi dokar mayar da gonaki ga masu su na dā ko magadansu. Tsofaffin littattafan rajistar filaye su suka taimaki iyalai da yawa wajen nuna gonar kakanninsu.

'Yan'uwa manoma, kolhoz ma da sunan haɗin kai aka kafa shi, amma haɗin kan tilas ne. A ƙungiyar gama kai ta gaskiya mutum yakan shiga da yardarsa, ya zaɓi shugabanninsa, ya ji lissafin kuɗi, gonarsa kuma tana nan tasa. Mu lura kada waɗannan su kuɓuce mana. Mu kuma adana takardun gonakinmu da littattafan ƙungiya da kyau, domin wata rana su ne za su tsaya wa jikokinmu shaida.