Kalmar "Ina" da Ayyukanta

Ka tsaya a tashar Batsari da safe ka kasa kunne. Za ka ji yaron mota yana ce wa dattijo, "Baba, ina za ku?" Shi kuma ya ce, "Safana." Wannan shi ne aikin "ina" na asali, wanda ka sani tun kana yaro, wato tambayar wuri.

To, yanzu dubi gaisuwa. Wanda ya ce maka "ina kwana" ba ɗakin da ka kwanta yake nema ba, halin da ka wayi gari yake tambaya. Shi ya sa kake cewa "lafiya lau", ba ka cewa "a zaure". A garuruwan da ke kusa da dajin Rugu, irin su Runka da Ruma, inda 'yan bindiga suka daɗe suna hana mutane barci, gaisuwar nan ta koma tambaya ta gaske, mai yin ta amsa yake jira.

Ga inda abin ya fi ba ni sha'awa. Idan uwa ta ce, "Ina ludayina?" aka duba ko'ina ba a gani ba, ai babu shi ke nan. Ta wannan ƙofa "ina" ta shiga aikin kore magana. Mai ce maka "ina ruwanka?" yana nufin babu ruwanka. Manomin da ya ce, "Ina ni ina sayen taki a wannan tsada?" ya riga ya gaya maka ba zai iya ba. Ka taya akuya da arha a kasuwa, mai ita ya kaɗa kai ya ce, "Ina!" Ba tambayarka ya yi ba, albarka ya ce a taƙaice. Ka ƙara mata "ma" kuma sai ta zama buri: "Ina ma a yi ruwa yau."

Sai dai ka kiyaye, akwai wata "ina" da suka yi kama a rubutu kawai. "Ina zuwa?" tambaya ce, murya tana farawa ƙasa ta hau. "Ina zuwa" kuwa, ta mai cewa a jira shi, daga sama take farawa ta sauko. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, don haka in ka rubuta ta farkon, kada ka manta da alamar tambaya.