TAFIYA TURAI DA GOYO

Kwanan baya wani malamin makaranta daga ƙasar Boɗinga ya zo ofishina a kan maganar izinin tafiya karatu Ingila. Da muka gama abin da ya kawo shi sai ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ranka ya daɗe, da sauran magana. Iyalina tana da goyo, wata huɗu. In tafi da su, ko in bar su?" Na ba shi amsa gwargwadon sanina. Amma da ya ke ba shi kaɗai ne wannan tambaya ta dama ba, na ga ya kamata in shimfiɗa maganar a nan domin malamai da ma'aikata su karanta, tun da ni ma na taɓa shiga wannan hali.

Mutanenmu na farko da suka je Turai ba su sha wannan tunani ba, gama yawanci maza ne su ke tafiya. Cikin 1934 Sarkin Musulmi Hasan da Sarkin Gwandu Usman da Sarkin Kano Abdullahi Bayero suka ziyarci Ingila. Cikin 1945 aka aika da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da 'yan'uwansa malamai uku zuwa Jami'ar London domin ƙaro ilmin koyarwa. A wancan zamani mutumin Sakkwato sai ya shiga mota zuwa Gusau, ya kama jirgin ƙasa har Ikko, sa'an nan ya yi wajen mako biyu a jirgin ruwa kafin ya ga Liverpool. Wa zai jefa jariri cikin wannan wahala? Jiragen ruwan nan na fasinja sun daina aiki tun 1974. Yanzu kuwa daga Sakkwato zuwa Abuja kamar awa guda ce a jirgin sama, daga Abuja zuwa London kuma ba ta cika awa bakwai ba. Hanya ta gajarce, shi ya sa tambayar ta taso.

Sa'ad da tawa tafiyar ta zo ina malami ne a kwalejin horon malamai, ɗanmu na fari yana da wata biyar. Na je Dandin Mahe in yi sallama, Inna ta karɓe shi ta rungume, ta ce, "Ku dai ku tafi, ku bar mini mijina. Ƙasar da ruwa ke zama dutse ba wurin jariri ba ce." Na ce, "Inna, ai ba a yaye shi ba." Ta daɗe ba ta ce kome ba, kana ta ce, "To, na ba ku aro. Ran yaye ku kawo mini abina." A kan wannan sharaɗi muka rabu, muka biyo ta Boɗinga zuwa Sakkwato.

Takardu da Jirgi

Abin da za a fara sani shi ne, a wurin hukuma jariri cikakken mutum ne. Yana da nasa fasfo, da nasa hoto, da tasa biza. Bizar Ingila kuwa ba ta shigar da mutum Faransa ko Jamus. Waɗannan suna cikin ƙasashe 29 masu biza ɗaya da a ke kira Shengen, ita kuma dabam a ke nemanta. Akwai kuma wata doka da ta shafi malamai ƙwarai. Tun watan Janairu na 2024 Ingila ta hana yawancin ɗalibai zuwa da iyali, sai masu karatun bincike irin na digirin dakta, da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Saboda haka kada malami ya yi wa iyalinsa alkawari sai ya tabbatar da irin karatun da za shi yi. Katin allurar rigakafi kuma kada a bar shi a gida, gama shi likitan can zai fara tambaya.

A cikin jirgi yaron da bai kai shekara biyu ba a cinya a ke riƙe shi, kuɗinsa kuma kaɗan ne. Wuyar tana wurin tashi da sauka, lokacin da nauyin iska ya kan sāke, kunne ya toshe. Babba ya kan haɗiye yawu ya ji sauƙi, jariri bai san wannan ba, sai kuka. Maganin a jikin uwarsa ya ke, watau ta ba shi nono daidai wannan lokaci, haɗiya ta buɗe masa kunne. Wajen guzuri kuma a lura: ba a shiga Ingila da nama ko kayan nono daga ƙasarmu. Kilishi da man shanun da Inna ta ƙulla mana a Sakkwato muka rabar da su, garin kunu ne kaɗai ya ƙetare.

Sanyi da Majanyi

Inna ta yi gaskiya a kan sanyi. Hunturunmu ƙanen nasu ne. Cikin watan Disamba rana ta kan faɗi a London kafin ƙarfe huɗu na yamma, a kan kuma yi kwana da kwanaki ba a ga idonta ba. Hasken rana kuwa shi ke sa fatar mutum ta yi sinadarin nan bitamin D mai ƙarfafa ƙashi, baƙar fata kuma ta fi bukatar rana mai yawa. Don haka likitocin Ingila su kan ce a riƙa ɗiga wa jariri mai shan nono wannan sinadari kullum. A Dandin Mahe rana ce ke biyan wannan bashi kyauta, can kuwa sai an saya a kwalba.

Muna isa aka ce mana dole mu sayi keken jarirai, muka saya da tsada. Bai yi mako biyu ba muka jingine shi. Tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na London da yawa tsofaffi ne, sai matakala, ga motar bas kuma wurin keke biyu kawai gare ta. Uwar yaron ta koma ga zane da majanyi, ta ɗora babbar rigar sanyi a bisa. Yaro ya sami ɗumin jikinta, hannuwanta suka huta. Da haka muka je Paris, cikin jirgin ƙasan nan da ke bi ta ramin da aka haƙa a ƙarƙashin teku, wanda aka buɗe cikin 1994, tafiyar awa biyu da 'yan mintoci. Matan Turawa suka riƙa tsayawa suna tambayarta yadda a ke ɗaurin. Su ma yanzu suna sayen majanyi a kanti, kuɗinsa ya fi na turmin atamfa. A cikin ƙaramar mota kaɗai goyo ba ya aiki, domin doka ta ce sai an ɗaure yaro a kujerarsa ta musamman.

Hannu Huɗu

To, jama'a, ga inda gizo ke saƙa. Abin da ya fi ba mu wuya a Turai rashin hannu ne. A gidanmu jariri yana da hannu ashirin: kaka, da gwaggo, da 'yan matan maƙwabta masu rigimar ɗaukarsa. Can kuwa hannu huɗu ne kawai, biyu na uwa, biyu na uba. Ran da zazzaɓi ya kwantar da uwar yaron, na duba gabas da yamma ban ga kowa ba. Ni da ban taɓa kiran sunan ɗan fari ba saboda kunya, ni na yi masa wanka, na dama kunu, na kwana ina jijjiga shi, da safe kuma na tafi aji. Kunyar ɗan fari ado ce a inda a ke da masu tayawa. Wanda ya tafi da ita Turai, matarsa ce za ta biya kuɗinta.

Wannan rashin hannu ya taɓa jawo babban abin baƙin ciki. Daga wajen 1955 har cikin shekarun 1970, ɗalibai da yawa daga Afirka ta Yamma, musamman kudancin Nijeriya da Gana, suka riƙa ba Turawa riƙon 'ya'yansu, suna biya mako mako, domin su sami sukunin karatu. A ganinsu riƙo ne irin na gida. Amma riƙon gida a cikin dangi a ke yinsa, yaro yana jin harshensa, yana ganin nasa. Waɗannan yara da dama sun tashi ba su jin harshen iyayensu, waɗansu ba su ma shaida iyayen ba, har ta kai ga shari'a a kan wa zai riƙe yaro. Yanzu dokar Ingila ta ce duk wanda zai ajiye yaro kwana 28 ko fiye a hannun wanda ba danginsa na kusa ba, sai ya sanar da hukuma. Barin yaro shi kaɗai a ɗaki, ko da na ɗan lokaci ne, yana iya jawo wa iyaye tuhuma.

Ga amsar da na ba malamin nan. Kada a raba mai shan nono da uwarsa, ko a nan ko a can. In doka ta yarda, kuɗi kuma sun isa, maigida ya kuma amince zai zama kaka da gwaggo da 'yar raino gaba ɗaya, to, su tafi tare, jariri bai hana mu zuwa ko'ina ba. In kuwa ya san ba zai iya ba, gara ya bar uwa da ɗa cikin dangi, ya daure wa kewa, da ya kai baiwar Allah ya rufe ta a ɗaki cikin sanyi ita kaɗai.

Mu dai mun cika alkawari. Muka komo yaro yana tafiya da ƙafarsa, ran yaye muka kai shi Dandin Mahe. Inna ta juya shi gaba da baya, ta mammatsa ƙafafunsa, ta ce, "Kun kyauta, ba ku lalata mini aro ba." Allah ya raya mana zuriya, ya kai matafiya lafiya, amin.