Zafi da Awo: Wankan Tururin Finlan a Jirgin Ruwa da Tukunyar Mai Jego

A ƙasar Finlan, can arewacin Turai, akwai wani irin jirgin ruwa da ba a hawansa don a je wani gari. Da yamma yake tashi daga gaɓa, ya lula cikin tafki ko ya ratsa tsakanin tsibirai, in ya sami inda iska ta lafa ya kashe inji, bayan awa biyu ko uku ya maido fasinjojinsa inda ya ɗebe su. A bisa dandamalinsa an kafa ɗan ɗaki na katako mai bututun hayaƙi, hayaƙin kuwa na itacen da ake gasa duwatsu da shi ne. Wannan ɗaki shi suke kira sauna, ɗakin wankan zafi da tururi, kuma dominsa ake biyan kuɗin jirgin.

Wanda ya san ƙasar ba zai yi mamaki ba. Mutanenta kimanin miliyan 5.5 ne, amma ana ƙiyasta cewa ɗakunan wankan nan sun kai miliyan 3. Akwai su a gidajen ƙauye da benayen birni, akwai su a masana'antu da barikin soja, har majalisar dokokin ƙasar tana da nata. A shekarar 2020 hukumar UNESCO ta sanya wannan al'ada cikin jerin kayan gadon ɗan Adam. Ga kuma ruwa ko ta ina, domin tafkunan ƙasar sun kai kimanin 188,000. Tun kaka da kakanni a bakin ruwa ake son gina ɗakin, yadda in jiki ya ɗau zafi sai a fito a tsunduma. Da suka ɗora ɗakin a kan jirgi, sai ruwan ya dawo bakin ƙofa.

Jiragen iri-iri ne. Akwai ƙananan da ba su wuce faffaɗan dandamali a kan abin iyo ba, da ɗan inji a baya, waɗanda iyali ɗaya ko abokan aiki kan yi haya. Ana samun irinsu a Tampere, birnin da ke tsakanin tafkuna biyu, inda gidan wankan jama'a mafi daɗewa a ƙasar, Rajaportti, yake aiki tun 1906. Ana samun su a tafkin Saimaa mai faɗin kusan murabba'in kilomita 4,400, inda tsohuwar ganuwar Olavinlinna da aka aza harsashinta a 1475 take tsaye a kan dutse a tsakiyar ruwa. Ana samun su a gaɓar Helsinki mai tsibirai wajen 300. Sannan ga manyan jiragen fasinja na Viking Line da Silja, masu kwana a teku tsakanin Helsinki da babban birnin Suwidin, tafiyar awa 17 ko kusa da haka, su ma da ɗakunan tururinsu, sai dai da lantarki ake zafafa su. Masu son abin gargajiya sun fi karkata ga ƙaramin jirgi mai murhun itace, musamman a watan Yuni, lokacin da rana kan yi kusan awa 19 ba ta faɗi ba a Helsinki.

Kafin a shiga ɗakin sai an wanke jiki. A ciki akwai bencina hawa-hawa na katako, kowa ya shimfiɗa ɗan tawul ya zauna, mai jure zafi ya hau sama, baƙo da yaro su zauna ƙasa. A kusurwa ga murhu an tula masa duwatsu. Zafin ɗakin kan kai daga 70 zuwa 100 a ma'aunin Selshiyas, abin da mai karatu zai ce ai dafa mutum ne, amma iskar busasshiya ce, shi ya sa fata ke iya ɗauka. Sai wani ya ɗebo ruwa da ludayi daga bokitin katako ya watsa a kan duwatsun. Nan take tururi ya tashi, ya bugi rufi, ya sauko a kafaɗu da kunnuwa. Wannan tururi suke kira löyly, kuma da shi suke auna kyawun ɗaki: mai laushi ne ko mai cizo. Ba a ƙara ruwa sai an tambayi sauran mazauna, domin zafin na kowa ne.

Daga nan sai a ɗauko damin ganye. Rassa ne masu taushi na wata bishiya mai farin ɓawo da suke kira koivu, ana yankansu a farkon bazararsu, a ɗaure, a jiƙa a ruwa. Mutanen yamma na kiran damin vihta, na gabas na ce masa vasta. Da shi mutum ke bubbuga bayansa da ƙafafunsa, ko ya roƙi na kusa ya bubbuga masa, ɗaki ya gume da ƙamshin ɗanyen ganye. Bayan minti goma ko sha biyar sai a fito, a bi ɗan tsani a sauka cikin ruwan da ko da rani yake da sanyi. A fito, a zauna a dandamali, a sha ruwa, numfashi ya daidaita, a sake komawa. Haka ake yi sau biyu ko uku, sannan a gasa nama ko kifi a ci da sabon dankali.

Ɗakin yana da ladabinsa. Bisa al'ada maza daban mata daban, sai dai iyalin gida ɗaya, a jiragen da ake haɗa baƙi kuwa ana sa kayan iyo, kuma wanda ya ga dama ya ɗaura tawul ba mai ce masa don me. Ba wurin hayaniya ba ne, ba kuma wurin alfasha ba ne. Tsofaffinsu kan ce a zauna cikinsa yadda ake zama a ɗakin ibada. Manaja da masinja benci ɗaya suke hawa, gumi ɗaya suke yi.

Duk Bahaushen da ya ji wannan bayani, akwai abin da zai faɗo masa a rai, wato wankan jego. Mun san tukunyar ƙarfe ko rabin duro da ake girkawa tun asuba a bayan ɗaki. Mun san damin ganyen runhu ko darbejiya da ake tsomawa a tafasasshen ruwa ana fyaɗa wa mai jego, safe da yamma, har kwana arba'in. Mun san tsohuwar da ke tsaye a kanta, ungozoma ko gwaggo ko kaka, tana cewa, "Daure 'yar nan, kada sanyi ya shige ki." Wuta, ruwa, ganye, da hannun wani da ya damu da kai: kayan aikin ɗaya ne a Kano da Tampere, tsoron ma ɗaya ne, tsoron sanyi ya sami gurbi a jikin da ya raunana.

Kamanceceniyar ba ta tsaya a kayan aiki ba. Kafin asibitoci su yawaita a karkarar Finlan, a ɗakin tururin nan mata ke haihuwa, domin shi ne wuri mafi ɗumi da tsabta a gidan manomi, kuma a nan ake samun ruwan zafi. A nan mai jego ke hutawa, a nan ake jinyar mai ciwon gaɓɓai, a nan ake wanke mamaci. Urho Kekkonen, wanda ya shugabanci ƙasar daga 1956 zuwa 1982, a irin wannan ɗaki aka haife shi a 1900, kuma da ya hau mulki yakan kai manyan baƙinsa, har da shugabannin Tarayyar Sobiyet, cikin ɗakin tururin gidansa su tattauna. Abin da attajirin Turai ke biyan kuɗi yau ya yi a tsakiyar tafki, a da da shi matan ƙauye ke raya mai haihuwa da jaririnta a ƙasar da ruwa ke daskarewa wata da watanni.

Inda hanyoyin biyu suka rabu shi ne wurin da ya fi damuna. A jirgin Finlan, wanda ke cikin zafin shi ke da ikon cewa ya isa. Ba mai tsare ƙofa, ba mai kiransa rago in ya fita bayan minti biyar. Kowane zagaye na zafi akwai sanyaya jiki da shan ruwa a bayansa, kuma jirgin ma sauƙaƙa wannan sanyayawar yake yi. A gidajenmu kuwa sau da yawa mai jego ba ta da bakin magana. In ta ce ruwan ya yi zafi a ce raki ne, in ta ce jiri take ji a ce haka kowa ta yi. Bayan wanka ga kunun kanwa, a wasu wuraren ga gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashi, ga ɗaki a rufe, a garin da rana kaɗai ta isa ta sa mutum ya jiƙe da gumi. Mai ɗaki shi ya san inda yake yi masa yoyo, amma a nan mai ɗakin ce ba a tambaya.

Su ma mutanen Finlan sun ga abin da rashin awo ke jawowa. A garin Heinola an yi shekaru ana gasar wanda zai fi daɗewa a ɗaki mai zafin 110. A 2010 wani ɗan Rasha ya rasu a zagayen ƙarshe, abokin karawarsa ɗan ƙasar ya ƙone ƙwarai, daga nan aka daina gasar. A ɗaya ɓangaren, wani bincike da aka wallafa a 2015, wanda ya bi maza 2,315 na gabashin ƙasar har tsawon shekara 20 ko kusa, ya gano cewa masu shiga ɗakin sau huɗu zuwa bakwai a mako ba su kai masu shiga sau ɗaya mutuwa da ciwon zuciya ba. Sai dai maza ne da suka saba da abin tun suna yara, suna kuma fita lokacin da suka ga dama. Likitocinsu na gargaɗin mai sabon ciwon zuciya da wanda ya sha giya su nisanci ɗakin. Zafi ɗaya ne, awo ne ya raba magani da masifa.

Mu ma an yi mana namu gargaɗin. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta cewa ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa ya yi yawa a yankin, suka danganta shi da yawan shan kanwa da kwanciya a kan gado mai wuta. Bayaninsu mai sauƙin fahimta ne: kanwa na da sinadarin gishiri da ke tara ruwa a jiki, zafi mai tsanani kuma na ƙara wa zuciya aiki, alhali ba ta gama farfaɗowa daga ɗawainiyar ciki ba. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai wasu dalilan, irin su rama da hawan jinin masu ciki. Ko ma wane dalili ya fi ƙarfi, matar da ƙafafunta suka kumbura, take haki in ta kwanta, asibiti take buƙata, ƙarin itace a murhu ba zai yi mata komai ba.

Abin da na fi yaba wa mutanen Finlan shi ne ba su ji kunyar al'adar kakanninsu ba, ba su kuma mayar da ita abin da ba a taɓawa ba. Tsohon ɗakinsu ba shi da bututu, hayaƙi ke cika shi na awoyi kafin a buɗe a shiga, kuma yakan kama da wuta. Suka yi masa bututu, daga baya suka kawo murhun lantarki, suka rataya ma'aunin zafi a bango. Haihuwa suka mayar da ita asibiti. A 1937 suka kafa ƙungiya ta musamman don kula da al'adar da nazarinta. Abin da suka riƙe shi ne zuciyar abin: ɗumi, tsabta, hutu, da zama tare. Shi ya sa jikan manomi yau yake alfaharin ɗora ɗakin a kan jirgi ya gayyaci duniya.

Wankan jego yana da irin wannan zuciya, kuma ta fi ta su girma. Kwana arba'in ne da ake ɗauke wa mace girki da surfe da ɗiban ruwa, a ciyar da ita, a kewaye ta da mata waɗanda suka riga ta sanin hanya. Ƙasashe masu arziki da yawa ba su da wannan gata, matansu kan koma gida daga asibiti su kaɗai da jariri. Kuskure ne babba 'yan boko su yi watsi da shi duka da sunan wayewa, kuskure ne kuma iyayenmu su ɗauki kowace shawarar likita a matsayin raini. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Gyaran kuwa ba shi da tsada. A surka ruwan har mai wankan ta iya tsoma hannunta ta bar shi a ciki. A rage kanwa, a bar gado mai wuta, a buɗe taga, a ba mai jego ruwa ta sha. Wadda aka yi wa aiki ko mai hawan jini a bi abin da asibiti ya ce kafin a girka tukunya. Mazaje da ke sayen itacen su ma su san abin da ake yi da shi. Sama da duka, in mai jego ta ce, "Gwaggo, ya isa," to ya isa, domin jikin nata ne, kuma don lafiyarta aka hura wutar tun farko.