BABI NA BIYU: ASALIN DUWATSU DA YANAYIN ƘASA A YANKIN ƘAURA NAMODA, SHINKAFI DA ZURMI

2.0 Shimfiɗa

Wannan babi zai yi bayani a kan yadda ƙasar arewacin Jihar Zamfara ta samu siffar da take da ita a yau. Abin lura shi ne, ƙasar yankin iri biyu ce: a ɓangaren Ƙaura Namoda da Zurmi dutse ne a ƙarƙashi, a ɓangaren Shinkafi kuwa yashi da laka ne suka fi yawa. Za a nuna cewa wannan bambanci ya samo asali ne daga motsin ɓawon duniya, kuma yana shafar rayuwar jama'a, musamman wajen neman ruwa.

2.1 Motsin Ɓawon Duniya

Masana ilimin duwatsu sun bayyana cewa ɓawon duniya a tsattsage yake zuwa manyan ɓangarori da ake kira faranti. Waɗannan faranti suna zaune ne a kan dutse mai tsananin zafi wanda yake motsi sannu a hankali, don haka su ma suna gusawa da 'yan santimitoci a kowace shekara. Wani Bajamushe mai suna Alfred Wegener ne ya gabatar da ra'ayin gusawar nahiyoyi a shekarar 1912, amma masana ba su amince ba sai a shekarun 1960.

Idan faranti biyu suka yi karo, ƙasa kan tattare ta tashi ta zama tsaunuka, kamar tsaunukan Himalaya da suka samu daga karon Indiya da Asiya. Idan suka rabu, ko ɗaya ya nutse ƙarƙashin ɗaya, narkakken dutse kan samu hanyar fitowa, shi ne dutse mai aman wuta. Idan kuma suka cije wa juna sannan suka suɓuce farat ɗaya, sai a ji girgizar ƙasa.

2.2 Duwatsun Ƙaura Namoda da Zurmi

Kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, tsohon ɓawon Afirka ta Yamma ya yi karo da na gabas da shi. Wannan karo ya tayar da jerin manyan tsaunuka tun daga yankin Hoggar na ƙasar Aljeriya har zuwa Benin da Togo, ya ratsa ta inda Zamfara take a yau. A ƙarƙashin tsaunukan narkakken dutse ya daskare ya zama giranit. Ruwa da iska sun yi ta zaizaye tsaunukan har suka ƙare, saura gindinsu kawai. Wannan gindi shi ne fa da duwatsun da ake gani a ƙasar Ƙaura Namoda da Zurmi, haka ma dutsen Kwatarkwashi da ke kusa da Gusau. Zinariyar da ake haƙa a yankunan Anka da Maru ita ma tana cikin jijiyoyin da suka cike tsagar duwatsun wancan zamani.

2.3 Kwarin Sakkwato da Ƙasar Shinkafi

Daga baya ƙasar da ke arewa maso yamma ta lotsa ta zama babban kwari, wanda ya miƙa har cikin Nijar da Mali. Koguna suka riƙa kwaso tsakuwa da yashi da laka daga duwatsu suna jibgewa a bakinsa. Masana suna kiran wannan shimfiɗa da sunan Gundumi, kuma a kanta Shinkafi take. Can yamma teku ya taɓa shigowa kwarin, ya bar farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita a Sakkwato. Har yanzu Gulbin Gagare da ya bi ta Ƙaura Namoda da Gulbin Bunsuru da ya bi ta Zurmi suna gangarawa arewa da yashi zuwa Gulbin Rima.

A nan ne batun ruwa ya shigo. Yashi da tsakuwa suna riƙe ruwa a tsakaninsu, shi kuwa giranit ba ya riƙewa sai inda ya tsage ko ya ruɓe. Saboda haka mahaƙin rijiya ko burtsatse a ƙasar dutse yakan sha wahala idan bai dace da tsaga ba, kuɗin jama'a su tafi a banza. Wannan ne ya sa binciken ƙarƙashin ƙasa kafin haƙa ya zama wajibi.

2.4 Girgizar Ƙasa da Aman Wuta

Yankin yana tsakiyar farantin Afirka, nesa da bakinsa, shi ya sa babu dutse mai aman wuta a cikinsa. Duk da haka tsofaffin tsaga sukan motsa a Nijeriya, kamar yadda ƙasa ta yi rawa a Kwoi ta Jihar Kaduna a 2016, da Mpape ta Abuja a 2018. Haka nan a Kamaru, iskar da ta fito daga tafkin Nyos, wanda yake cikin ramin tsohon dutse mai aman wuta, ta hallaka mutum fiye da 1,700 a 1986.

2.5 Naɗewa

An ga cewa karon faranti ne ya samar da duwatsun Ƙaura Namoda da Zurmi, zaizayar duwatsun kuma ta samar da yashin Shinkafi. Babi na gaba zai duba yadda wannan bambanci ya bayyana a sana'ar haƙar rijiya da kalmomin da mahaƙa suke amfani da su.