Daga Fadamar Gulma Zuwa Allon Waya: Me Ke Ɗaga Ribar da Manhaja Ke Nunawa, Me Ke Sauke Ta?

Idan aka gama girbin shinkafar rani a fadamar Gulma, cikin ƙaramar hukumar Argungu, kuɗi kan shigo gari a ɗan ƙanƙanin lokaci. A da dillali da jakar kuɗi yake zuwa, a zauna a ƙirga. Yanzu galibi waya ce ke ƙara, alat ya shigo, a ɗora buhuna a mota. Tambayar da ke biyo baya kuwa tana nan yadda take tun zamanin kakanni: ina za a ajiye wannan kuɗi kada ya narke kafin wata kaka?

Dattawa suna da amsarsu: a sayi sa a ɗaure, a ƙara tumaki, ko a bar wasu buhunan shanshera a ɗaki har farashi ya tashi. Matashin da ke riƙe da waya yana da ƙarin wata ƙofa. Manhajoji irin su Cowrywise da PiggyVest, da ma na bankuna, suna nuna masa wata lamba, su ce kaza cikin ɗari zai samu a shekara. Duk wanda ya daɗe yana leƙa wannan lamba ya san ba ta zama wuri ɗaya. A 2020 ta yi ƙasa har ta zama abin dariya, a 2024 ta yi sama. Ba mai manhajar ne ke tashi da safe ya sauya ta don ya ga dama ba. Abubuwa uku ne ke jan ta: kuɗin ruwan da Babban Bankin Najeriya ya yanka, hauhawar farashi, da yawan kuɗin da ke kwance a hannun bankuna yana neman wurin zuwa.

Inda kuɗin ke tafiya

Kaso mai yawa na kuɗin da ake zubawa a asusun zuba jari na waɗannan manhajoji yana ƙarewa ne a takardun bashin gwamnati. Gwamnatin tarayya na cin bashi daga hannun jama'a da bankuna da kamfanonin fansho, ta ba su takardar shaida, ta yi alƙawarin biyan wani kaso a kai a kai, sannan ta mayar da uwar kuɗi idan wa'adi ya cika. Akwai masu gajeren wa'adi na kwana 91, 182 da 364, akwai masu dogon wa'adi da kan kai shekara goma, ashirin, har talatin, waɗanda Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa, DMO, ke fitarwa.

Abin da ke rikita sabon shiga shi ne, ita takardar ana sayar da ita a kasuwa kafin wa'adinta, kuma farashinta da kuɗin ruwa kamar guga biyu suke a igiya ɗaya: wannan na hawa, wancan na sauka. A ɗauka wani ya sayi takardar naira 100,000 mai biyan kashi 12, wato naira 12,000 a shekara. Bayan wani lokaci gwamnati ta fara fitar da sababbi masu biyan kashi 18. Idan ya matsu yana son sayar da tasa, wa zai ba shi naira 100,000 a kan takarda mai kawo 12,000, alhali da kuɗin nan zai sayi mai kawo 18,000? Dole ya rage. Idan saura shekara uku wa'adinta ya cika, lissafi zai kai ta wajen naira 87,000. Idan saura shekara goma, za ta faɗo wajen naira 73,000. Gwamnati ba ta ƙi biya ba, takardar ba ta jabu ba ce, amma mai ita ya yi asara idan ya sayar a ranar. Wanda ya iya haƙuri har ƙarshen wa'adi zai karɓi naira 100,000 ɗinsa cif, sai dai ya shafe shekarun yana karɓar ƙasa da abin da wasu ke karɓa.

Wannan lissafi ne ya kayar da bankin Silicon Valley a Amurka a watan Maris na 2023, bankin da kamfanonin fasaha da yawa ke ajiya a ciki. Ya tara takardun bashi masu dogon wa'adi lokacin da kuɗin ruwa ke kusa da sifiri. Da babban bankin Amurka ya fara ɗagawa daga Maris na 2022, darajarsu ta zube. Bankin ya sayar da na kusan dala biliyan 21, ya yi asarar dala biliyan 1.8, labari ya bazu a Twitter da zaurukan WhatsApp, masu ajiya suka nemi cire dala biliyan 42 a yini ɗaya, yawancinsu daga waya da kwamfuta, ba tare da sun tsaya a layi ba. Ranar 10 ga Maris hukuma ta rufe shi.

Shekarar da kuɗi suka rasa wurin kwana

Najeriya ta ga ɗaya fuskar a 2020. A watan Oktoban 2019 Babban Banki, ƙarƙashin Godwin Emefiele, ya hana ɗaiɗaikun mutane da kamfanonin cikin gida da ba bankuna ba sayen wasu takardu na musamman da yake amfani da su wajen kwashe rarar kuɗi daga kasuwa. Tiriliyoyin naira da ke cikin waɗannan takardu suka riƙa dawowa hannun masu su, babu damar sake mayar da su can. Sai kowa ya yi rububin takardun gwamnati masu gajeren wa'adi. Idan masu ba da bashi suka yi yawa, mai karɓa ba ya buƙatar lallashin kowa. Kafin ƙarshen 2020 ribar takardar shekara guda ta faɗo ƙasa da kashi 1, a daidai lokacin da hauhawar farashi ta kai kashi 15.75 a watan Disamba.

Kuɗi kamar ruwan Rima yake, idan aka datse shi nan zai ɓulla can. A wannan shekara ta korona, da kasuwanci ya tsaya cak na watanni, kasuwar hannun jari ta Legas ta tashi da kusan kashi 50. Matasa da yawa suka karkata ga dala da kuɗin kirifto, har Babban Banki ya hana bankuna hulɗa da masu harkar a Fabrairun 2021, haramcin da bai janye ba sai Disamban 2023. Mai neman fahimtar dalilin da ya sa filaye ko hannun jari ko dala ke tsada a wasu shekaru ba tare da wani dalili na zahiri ba, ya fara duba nawa takardar gwamnati ke biya a lokacin.

Mutanen Gulma sun san ƙarancin kuɗi ta wata hanya da ba ta buƙatar bayani. Farkon 2023, lokacin sauya fasalin naira, tsabar kuɗi ta ɓace daga kasuwannin ƙauye. Mai shinkafa da mai kifi da mai akuya suka riƙa karya farashi ga duk wanda ya zo da takardar kuɗi a hannu, masu POS kuma suka tsuga caji. Kayan bai lalace ba, masu saye ne ba su da abin biya. A lokacin ne OPay da Moniepoint da PalmPay suka samu shiga wurare da dama da a baya ba a yarda da tiransifa ba.

2024: an ja igiya

Bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin naira ta nemi farashinta a watan Yuni, dala da ke wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024. Farashin Tecno da Infinix da itel ya bi ta, haka man da injin ban ruwa ke sha a fadama. Kafin nan ma akwai bashin naira tiriliyan 22.7 da gwamnati ta ci kai tsaye daga Babban Banki, wanda majalisa ta amince a mayar da shi takardun dogon wa'adi a Mayun 2023. Irin wannan bashi kusan buga sabon kuɗi ne, kuma kuɗi idan ya fi kaya yawa farashi ne ke biya.

Sabon gwamnan bankin, Olayemi Cardoso, ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 18.75 zuwa 22.75 a zama ɗaya a Fabrairun 2024, ya ci gaba da ƙarawa har ya kai 27.5 a Nuwamba. Ya kuma ɗaga kason ajiyar da dole bankunan kasuwanci su bari a wurinsa daga kashi 32.5 zuwa 45, daga baya 50. Ma'ana, a lokacin, cikin kowace naira 100 da aka ajiye a banki, 50 ba ta fita a matsayin bashi. Ribar takardun shekara guda ta haura kashi 20, lambar da ke kan manhajoji ta yi kyau, matasa suka riƙa ɗaukar hoton allo suna turawa abokai.

Sai dai Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.80. Wanda ya ajiye naira 100,000 a kan kashi 20 ya fita da 120,000, amma kayan da 100,000 ke saya a bara sun koma kusan 135,000. Lambar da ke asusunsa ta ƙaru, abin da za ta iya sayo masa ya ragu. Ya dai fi wanda ya bar kuɗin a asusun da ba ya haihuwa, wannan gaskiya ne. Manhajoji ba sa nuna wannan ragi a allo, kuma da wuya su fara.

Tsadar bashi ta iso fadama ta bayan gida. A Birnin Kebbi ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a Nuwamban 2015, wanda ya ba manoman shinkafa bashi a kan kashi 9, kuma a shekarun da suka biyo baya aka ga manyan injinan casa irin na WACOT a Argungu, wanda aka buɗe a 2017. Cardoso ya dakatar da irin waɗannan shirye-shirye. Kamfanin da zai ci bashin banki a kan kashi 30 don ya tara shanshera ta wata shida zai yi tunani sau biyu, ya sayi kaɗan kaɗan. Ga kuma rangwamen harajin shigo da abinci da gwamnati ta sanar a Yulin 2024. Wanda ya ɓoye buhuna a 2023 ya ci riba mai kauri, domin farashi gudu yake yi. Wanda ya kwaikwaye shi a 2025 ya tarar farashin ya juya ƙasa, ga kuɗin taki da mai da ya riga ya kashe. Dabarar ɗaya ce, yanayin kuɗi ne ya sauya a ƙarƙashinta.

Batun riba, da ƙofar sukuk

Ga yawancin matasan Kebbi, kafin a kai ga nawa za a samu akwai tambayar ko ya halatta. Takardun bashi na gama-gari kuɗin ruwa suke biya, kuma saboda haka mutane da yawa ba sa kusantar su. Don irin waɗannan ne DMO ta fara fitar da sukuk a Satumban 2017, na naira biliyan 100, mai wa'adin shekara bakwai. An gina shi a kan ijara: kuɗin yana tafiya ne ga gina hanyoyi, masu takardar suna da rabo a cikin kadarar, gwamnati kuma tana biyan su kuɗin haya duk wata shida. Da naira 10,000 ana iya shiga. Akwai kuma bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da TAJ da Lotus, da asusun zuba jari na halal a wasu manhajoji.

Sukuk ma bai tsira daga yanayin kasuwa ba. Na 2017 ya biya kashi 16.47. Na 2020, shekarar da kuɗi suka yi ambaliya, kashi 11.2 ya biya. Na Mayun 2025 ya biya 19.75, kuma da gwamnati ta nemi naira biliyan 300, masu son saye sun kawo sama da tiriliyan 2. Wanda ke riƙe da na 2020 ya so sayarwa a 2024, lissafin guga biyun nan ya hau kansa kamar kowa.

Ga wanda ba shi da wannan damuwa, akwai takardar ajiya ta gwamnatin tarayya da aka fara a Maris na 2017 don masu ƙaramin ƙarfi: daga naira 5,000, wa'adin shekara biyu ko uku, ana biya duk wata uku, ana buɗe sayarwa a farkon kowane wata ta hannun dillalan hannun jari masu rajista.

Sanin waɗannan lambobi yana da wani amfani da ya wuce zuba jari. Gwamnatin da ke da ikon karɓar haraji, a lokacin da ta fi matsuwa, abin da ta biya bai wuce kashi ashirin da 'yan kai a shekara ba. Manhajar da ta ce za ta ninka kuɗi a kwana talatin, daga ina za ta samo? CBEX irin wannan alƙawari ta yi kafin ta rufe da kuɗin jama'a a Afrilun 2025, kamar yadda MMM ta daskarar da asusun mutane a Disamban 2016. Shafin hukumar SEC yana da jerin kamfanonin da ta yi wa rajista, kuma duba shi ba ya cin data mai yawa.

A Satumban 2025, bayan hauhawar farashi ta sauko zuwa kashi 20.12 a watan Agusta bisa sabon ma'aunin da hukumar ƙididdiga ta fara amfani da shi a farkon shekarar, Babban Banki ya rage kuɗin ruwa zuwa kashi 27, ragi na farko tun 2020, ya kuma mayar da kason ajiyar bankuna 45. Idan aka ci gaba da sassautawa, lambar da ke kan asusun gajeren wa'adi ita ce za ta fara sauka, domin duk bayan 'yan watanni ake sabunta takardun da ke ƙarƙashinta. Wanda ya sayi sukuk ɗin Mayun 2025 kuwa, kashi 19.75 ɗinsa yana nan har 2032, kuma duk lokacin da sababbin takardu suka zo da ƙasa da haka, tasa ce za ta yi tsada a kasuwa.