Ko Kun Sani? Gudun da Aka Ɗauka da Tafiyar Ƙafa

Ko kun san cewa tseren nan mai ban al'ajabi na babura masu tashi cikin kurmi, a fim ɗin Return of the Jedi na 1983, da tafiyar ƙafa aka ɗauki dajinsa? Garrett Brown, Ba'amurken da ya ƙago na'urar Steadicam, shi ya bi hanyar da aka shata masa cikin dajin Kalifoniya, yana takawa a natse, alhali kyamararsa ba ta ɗaukar ko hoto guda cikakke a daƙiƙa. Da aka nuna hotunan 24 a daƙiƙa, sai tattakin ya zama gudun fanfalaki. Hikimar na'urar kuwa ita ce, an rataya kyamarar bisa hannun ƙarfe mai sifirin da ke manne da rigar mai ɗauka, aka kuma daidaita ta da nauyi daga ƙasa, domin kada girgizar sawu ta isa gare ta. Wannan mas'ala ta girgizar sawu ce dai ke fuskantar mai ɗaukar hawan salla a Dutse, sa'ad da yake bin dawakin Sarki zuwa fada a Garu.