Allon Madannai Marar Igiya: Abin Da Matafiyi Ya Kamata Ya Sani Kafin Ya Saya

Wayar salula ta yau tana ɗaukar ayyukan da a da sai kwamfutar tebur ke iya yi, amma rubutu mai tsawo da manyan yatsu biyu a kan gilashi har yanzu aiki ne mai cin rai. Malamin da aka tura taron ƙara wa juna sani a wani gari, ko ɗalibin da ke haɗa rahoton ziyarar ilmi, yakan so ya yi rubutu sosai ba tare da ya ɗauki kwamfuta a jakarsa ba. Saboda irin waɗannan mutane aka ƙera ɗan ƙaramin allon madannai marar igiya, wanda 'yan kasuwa ke kira kibod. Irinsa sun yi yawa a kasuwa, kuma wanda bai san yadda suke aiki ba yana iya zubar da kuɗinsa a kan abin da ba zai amfane shi ba.

Yadda Saƙo Ke Tafiya Babu Igiya

Galibin waɗannan alluna suna magana da waya ta hanyar Bluetooth. Injiniyoyin kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin ne suka fara aikin wannan fasaha a shekarar 1994, sannan a 1998 kamfanonin Ericsson da IBM da Intel da Nokia da Toshiba suka haɗu suka kafa ƙungiyar da ke kula da ita. An ɗauko sunan ne daga laƙabin Harald, wani sarkin Danmak na ƙarni na 10.

Bluetooth igiyar rediyo ce mai kaɗawa wajen sau miliyan 2,400 a kowace daƙiƙa, kuma a irin waɗannan na'urori takan kai nisan mita 10. Da yake Wi-Fi ma a wannan zango yake aiki, sai aka yi dabarar kauce wa cunkoso. An raba zangon zuwa tashoshi 79, allo da waya suna tsallakawa tare daga wannan tasha zuwa waccan har sau 1,600 a daƙiƙa. In wata na'ura ta toshe tasha ɗaya, saƙon zai wuce ta wata. A shekarar 2010 aka fito da wani nau'i mai tashoshi 40 da ke cin wuta kaɗan, wanda ya dace ƙwarai da ƙananan na'urori masu aiki da batir.

Akwai kuma alluna marasa Bluetooth, masu zuwa da ɗan maƙalli da ake cusawa a kafar USB. Waɗannan sun fi dacewa da kwamfuta. A waya sai an nemo mahaɗi, sannan maƙallin ya tare kafar da ake caji ta cikinta, kuma in ya ɓace a tasha allon ya zama kayan ado. Akwai batun sirri ma. A shekarar 2016 masu bincike na kamfanin Bastille da ke Amurka sun nuna cewa wasu alluna masu araha irin na maƙalli suna aika abin da aka buga a fili, ta yadda wani daga nesa zai iya karanta shi, har da lambobin sirri. Shi kuwa Bluetooth yana da tsarin ɓoye saƙo, kuma shi ya sa wasu wayoyi kan nuna lambobi shida su nemi a buga su a kan allon a ranar da aka fara haɗa su.

Girman Madannai

Tsakanin tsakiyar madanni da ta maƙwabcinsa a cikakken allo akwai milimita 19. Hannun da ya koyi bugu a keken rubutu ko a kwamfuta da wannan tazara ya saba. Masu ƙera ƙananan alluna sukan rage ta don allon ya shiga aljihu, kuma da zarar ta ragu sosai sai yatsa ya riƙa taɓa madanni biyu a lokaci guda. Lokacin da aka so a tsimi sai ya tafi wajen gyaran kurakurai.

Allo mai naɗewa biyu ko uku yana magance wannan, domin yana buɗewa ya kusa kai girman na kwamfuta. Rauninsa yana gaɓar da yake naɗewa. Wani irin ba ya tsayawa sai a kan tebur, in aka ɗora shi a cinya cikin mota sai ya lanƙwashe. Allo marar naɗewa ya fi ƙarko amma ya fi cin wuri. Misalinsa shi ne K380 na kamfanin Logitech, mai nauyin giram 423, wanda ke iya riƙe na'urori uku, a koma daga waya zuwa kwamfuta da danna madanni ɗaya.

Jerin Baƙaƙe Da Matsalar Masu Lanƙwasa

Nan ne masu saye suka fi ruɗewa. Allon madannai ba ya aika harafi zuwa waya. Abin da yake aikawa lamba ce mai nuna gurbin madannin da aka danna, ita wayar ce ke fassara lambar zuwa harafi bisa tsarin da aka zaɓa mata. Tsarin QWERTY, wanda ya samo asali daga keken rubutun Christopher Latham Sholes da kamfanin Remington ya fara sayarwa a 1874, shi aka saba da shi a Nijeriya. A Faransa da ƙasashen da ke aiki da Faransanci, irin su Nijar, AZERTY ya fi yawa. In allon AZERTY ne amma wayar tana kan QWERTY, mai rubutu zai danna A ya ga Q ta fito. Allon lafiyarsa lau, saitin wayar ne ke neman gyara.

Wannan bayani ya shafi mai rubutun Hausa kai tsaye. Da wuya a sami allon da aka zana wa ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, alhali kuwa lanƙwasar ita ce ta raba ƙafa da kafa, ta raba ɓari da bari. Tun da fassarar lamba aikin waya ce, maganin yana wajen manhaja. Sai dai manhajar da ke fitar da waɗannan baƙaƙe a kan gilashi ba lalle ba ne ta fitar da su in an haɗa allo na waje, don haka wajibi ne a gwada kafin a biya.

Batir, Zafi Da Ƙura

Batir iri biyu ne. Akwai na lithium da ke cikin allon, wanda ake yi wa caji, akwai kuma ƙananan batura irin na rimot da ake sauyawa. Mai tafiya inda wutar lantarki ba ta da tabbas zai fi samun kwanciyar hankali da na biyun, domin ana samun su a kusan kowane kanti, kuma sukan yi watanni da yawa. Mai son na caji ya nemi wanda kafarsa ta yi daidai da ta wayarsa, don caja ɗaya ta wadatar. Fitilar da ke haska madannai tana da amfani da dare, amma tana shanye batir da sauri.

Zafi yana rage kwanan batirin lithium, saboda haka bai kamata a bar allo a gaban mota cikin rana ba. Ƙurar hunturu kuwa tana shiga ƙarƙashin madannai ta sa su cije, don haka allo mai murfi ko 'yar jaka ya fi daɗewa.

Kammalawa

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Mai saye ya je kanti da wayarsa, ya haɗa ta da allon a gaban mai kaya, ya buga sakin layi guda na Hausa mai ɗauke da baƙaƙe masu lanƙwasa. Daga nan ya ɗora allon a cinyarsa ya sake bugawa, ya kashe shi ya kunna don ya ga ko zai koma ya haɗu da wayar da kansa. In ya ci wannan jarrabawa ta minti biyar, sai a shiga ciniki.